Hantsi Ne, Ba La'asar Ba

Ranar da ɗan ƙanwata ya ce mini a waya wai a gidan gwanjo yake aiki a Amurka, raina ya sosu. Yaron da aka sayar da bijimai biyu aka kai shi karatu, a ce ya ƙare a tsakanin dilolin tsofaffin riguna? Don mu nan in an ce gwanjo abin da ke faɗo wa mutum a rai ke nan, ko kuma tsofaffin motocin gwamnati da ake buga wa ƙararrawa a harabar ma'aikata. Ban gaya wa uwarsa ba, na haɗiye abina. Sai da aka yi masa haihuwa, ya matsa lallai in je in ga jikata, na sauka Filadelfiya a ƙarshen Nuwamba, sannan na ga irin nasu gwanjon.

Kwana uku na yi a gida ina rawar ɗari ina rainon jaririya. Rana ta huɗu ya ce, "Kawu, zaman nan zai sa maka ciwon baya. Tashi mu je ka ga inda nake neman abinci."

Gidan ba wani babba ba ne. A tsakiyar birnin akwai tsohon gidan gwanjo mai suna Freeman's wanda aka kafa tun 1805, shekara ɗaya ke nan da fara jihadin Shehu, amma ba can yake ba. Nasu a gefen gari yake, tsohon sito ne aka gyara aka zuba masa fitilu. Aikin yaron shi ne ɗaukar zane-zane, da rataye su, da ɗaure su in an saya. Farar safar hannu yake sawa kamar mai shirin yi wa mutum tiyata. Al'adarsu, kafin ranar gwanjo sai a baje kayan kwana uku ko huɗu, kowa ya zo ya gani, ba a biyan ko sisi. Na shiga ina 'yan kalle-kalle: agogon bango masu tsayin mutum, akwatunan katako, da hotunan wasu Turawa masu fuskar shanu waɗanda suka mutu tun kafin a haifi kakana. Babu abin da ya tsayar da ni.

Ni malamin gona ne. Shekara 31 na yi ina yawo a kan babur tsakanin ƙauyukan Funtuwa da Bakori, ina gardama da manoma a kan tazarar shuka da lokacin zuba taki. Yaron ya san haka, shi ya sa ya ja hannuna zuwa kusurwar ƙarshe, ya tsayar da ni dab da wani zane har hancina ya kusa taɓa shi, ya ce in faɗi abin da na gani.

Na ce ban ga komai ba sai ɓarna. Fenti ne aka yaɓa gunduwa-gunduwa, nan ruwan ɗorawa, nan shuɗi, nan wani ja-ja kamar jan kanwa, wani wajen ma ana ganin sawun gashin buroshi. Kamar yaro ya sami ragowar fentin magina ya huce haushinsa.

"To Kawu, ja da baya. Ƙara. Ƙara kaɗan."

A taku na shida gona ta fito. Wallahi sai da na ce "a'a!" da ƙarfi har wata tsohuwa ta waiwayo. Ga fili an girbe masara, an tara karan a tsaye an ɗaure kawunansu kamar 'yan bukkoki, jere-jere, na ƙirga goma sha huɗu. Ga sawun keken doki ya ratsa tsakiyar gonar ya nufi wani ƙaton gini na dutse da aka jingina da gangaren tudu, samansa na katako ya turo gaba ya yi rumfa. Ga bishiya guda da rabin ganyenta ya zube. Can baya ga rufin gida da ɗan siririn hayaƙi. Kowace bukkar kara ta ja doguwar inuwa zuwa hagu, kuma inuwar ba baƙa ba ce, shuɗiya ce mai sirkin shunayya. Babu mutum ko ɗaya a ciki, babu ko kaza. Amma duk wanda ya taɓa girbi zai san ba a daɗe da barin wurin ba, domin bukkar ƙarshe ba a gama ɗaure ta ba.

Na koma kusa, gonar ta ɓace. Na ja da baya, ta dawo. Na yi haka ya fi sau biyar, kamar baƙauye ya ga madubi.

A littafin kayan gwanjon an rubuta sunan zanen, wanda ma'anarsa ita ce la'asar ɗin kaka a gundumar Bucks, wata gunduma da ke arewa da Filadelfiya. Faɗinsa inci 30, tsayinsa 25, an yi shi wajajen 1920. Mai zanen ba sananne ba ne, an dai ce ya yi karatu a makarantar zane ta Filadelfiya. An ƙiyasta zai yi dala 6,000 zuwa 9,000. Na buga lissafi a naira na ga kuɗin zai sayi gona ta gaske a wajenmu, da shanun huɗa, har a sami canjin iri.

Uwar ɗakin yaron, wata dattijuwa mai tabarau a rataye a wuya, ita ce ke kula da sashen zane. Da ta ji an ce kawunsa ne ya zo daga Najeriya kuma ya maƙale wa wannan zanen, sai ta sa aka sauko da shi aka kifa shi a kan tebur. Ashe su bayan zane suke fara dubawa, kamar yadda dillalin shanu ba ya kallon ƙaho sai ya buɗe baki ya ga haƙora. Ta nuna mini katakon da aka ɗame ƙyallen a kansa, da ƙusoshin da suka yi tsatsa, da takardu biyu da aka manna, ɗaya ta wani tsohon baje koli, ɗaya ta wani dillalin zane. Ta kashe fitila ta haska shi da wata tocila mai shuɗin haske, sai wani ɗan wuri a sararin sama ya fito baƙi-baƙi, ta ce nan an taɓa yin faci, sabon fenti ne a kan tsoho. Duk wannan yana rage kuɗi ko ya ƙara. Sai kuma asali: wa ya fara mallakarsa, daga hannun wa ya koma hannun wa. Na ce mata ai wannan binciken neman aure ne. Ta yi dariya ta ce wani lokaci ma ya fi shi tsanani.

Ita ce ta ba ni tarihin salon. Imfireshanizim suke ce masa, ni kuwa a raina na raɗa masa zanen ƙiftawar ido. A Faransa ya samo asali. A 1874 wasu masu zane suka yi baje kolinsu a Faris, wani ɗan jarida ya ɗauki sunan wani zanen Claude Monet na fitowar rana a tashar jiragen ruwa ya yi musu ba'a da shi, ba'ar ta zama suna. Abin da suke so shi ne su fita fili su kama haske yadda yake a wannan sa'ar kafin ya sauya, shi ya sa ba su da lokacin lailaye fenti. Wani abin da ya ba ni sha'awa, wai abin da ya sauƙaƙa musu fita daji shi ne ɗan bututun kwano da ake matso fenti daga ciki kamar man goge baki, wanda wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro a 1841. Kafin nan a mafitsarar alade ake ƙulle fenti. Samarin Amurka suka yi ta tafiya Faransa koyo, suka dawo gida suka nemi ƙauyukan da za su zauna. Wasu suka yi Konetikat, wasu kuma suka tare a bakin kogin Delaware, tafiyar awa ɗaya daga inda muke tsaye.

Na tambaye ta dalilin shuɗiyar inuwa. Ta ce in fita gobe da safe in kalli inuwa da kyau, in daina kallonta da abin da na riga na sani. Maganar ta tsaya mini. Na tuna safiyar hunturu a gonar mahaifina bayan an kwashe dawa, yadda inuwar kara ke kwanciya a kan kunya. Da gaske ba baƙa ba ce. Shekara sittin da 'yan kai ina ganinta ban taɓa tambayar launinta ba.

Ta kuma ce kada in raina zanen tarin kara, domin a watan Mayun 2019 an sayar da wani zanen Monet na tarin alkama a gona a gwanjon Sotheby's na New York a kan dala miliyan 110.7. Wannan ban ma yi wahalar juya shi naira ba.

Ranar Asabar yaron ba shi da aiki, na ce gonar nan nake so in gani. Ya ce, "Kawu, ba fa a san wace gona ba ce." Na ce ko ba ita ba, a kai ni in ga 'yan'uwanta.

Muka kama hanya arewa. Gundumar Bucks tana cikin gundumomi uku na farko da William Penn, Baturen da ya assasa Filadelfiya, ya kafa a 1682, kuma tsufan yana nan a gidajen dutse da katangun gonaki. Amma kafin ka kai gare su sai ka ƙoshi da kantuna da gidajen mai. Mun fara tsayawa a Doylestown, inda gidan adana zane na Michener yake. Tsohon kurkukun gundumar ne na 1884, aka mai da shi gidan zane a 1988, katangar dutsen tana nan tsaye, sai ka bi ta ƙofar da ake shigar da fursunoni a da. A nan na ga manyan da mai zanenmu yake bin sawunsu. Akwai Daniel Garber, ɗan manoma daga Indiyana, wanda ya koyar fiye da shekara 40 a makarantar zane ta Filadelfiya. Wani zanensa na 1926 ya cinye bango guda, faɗinsa ƙafa 22, bishiyoyi da kogi da barewa, kyakkyawa ne ƙwarai, sai dai ni ya yi mini tsaf da yawa, kamar ɗakin amarya. Akwai wata mata, Fern Coppedge, wadda ke zana ƙauyuka cikin dusar ƙanƙara da launuka masu ihu, gida ja, gida ruwan hoda, kamar atamfa. Ita ta ba ni dariya kuma ta burge ni.

Amma gwanina Edward Redfield ne. Shi mutumin nan a 1898 ya tare a Center Bridge, bakin kogi, ya zauna nan kusan duk sauran rayuwarsa, ya rasu a 1965. Yakan ɗauki ƙaton ƙyalle ya fita cikin ƙanƙara, in iska ta yi yawa ya ɗaure shi a jikin bishiya, ya tsaya nan tun safe har ya gama zanen a yini ɗaya. Na tsaya gaban wani nasa na ji sanyin ya shiga ƙashina. Wannan ba aikin ɗan gata ba ne, aikin gayya ne da mutum ɗaya ya ɗauka. An ce da girma ya kama shi ya tara zane-zanensa da yawa da yake ganin ba su kai ba, ya cinna musu wuta. Yaron ya ce duk mai gidan gwanjo in ya tuna wannan wutar sai cikinsa ya murɗa.

Daga nan muka gangara New Hope. Garin ya zama wurin 'yan yawon buɗe ido, kantunan kyandir da na tsarabar banza, ko wurin ajiye mota sai da muka sha wuya. Ban ga abin tsayawa ba. Muka bi titin bakin kogi zuwa arewa, muka wuce Phillips' Mill, tsohon injin niƙa na ruwa inda William Lathrop ya zauna tun 1899, gidansa ya zama majalisar masu zane. A gefen titin akwai doguwar hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, kusan mil 60 daga Easton zuwa Bristol, wadda alfadarai ke jan kwale-kwalen kwal a cikinta tun daga 1832 har 1931. Yanzu turbar alfadaran ta zama ta masu gudun motsa jiki da karnukansu.

Da muka hau tudu muka bar kogin, sai ga su nan: gine-ginen dutse irin na cikin zanen, ɗaya bayan ɗaya. Wasu an mai da su gidajen zama, an huda musu manyan tagogin gilashi. A gaban wani na ga motoci uku masu tsada, babu ko warin kashin shanu. Sai can muka ga wata rumfa a bakin titi, an jera tuffa da kabewa da kwalaben zuma, wani tsoho na zaune a ciki da hular ulu. Na ce a tsaya.

Manomi ko a ina manomi ne. Na sayi tuffa, na tambaye shi ruwan bana, shi ke nan hira ta ɓarke. Turancinsa ta hanci yake fita, nawa kuma na Funtuwa ne, yaron ya zama tafinta tsakanin Turanci da Turanci. Na ce ina so in ga ginin nan nasa. Ya rufe akwatin kuɗinsa ya ce mu biyo shi.

Ginin nan, in ka fahimce shi, rumbu ne da garke da masussuka a wuri ɗaya. Manoman da suka zo daga Jamus da Suwizalan ne suka kawo fasalin, maƙwabtansu suka ɗauka. Ana jingina shi da tudu ne don keken doki ya shiga benen sama kai tsaye ta baya, ya sauke ciyawa da hatsi. Dabbobi suna ƙasa, ɗumin jikinsu yana tashi sama, abincinsu kuma ana zubo musu ta wata kafa, babu ɗauka babu hawa. Sai ya fito da mu gaba, ƙarƙashin rumfar nan da benen sama ya turo, inda ƙofofin dabbobi suke. Ya ce kakanninsa kullum kudu suke fuskantar da wannan gefen, ko kudu maso gabas, don ranar hunturu ta shiga ta ɗumama dabbobi, iskar arewa kuma ta bugi tudu.

Na tambaye shi tarin kara a tsaye. Ya ce yana yaro ya ga ƙarshensa. Da wuƙa ake sare masarar, a tara ta a tsaye ta bushe, daga baya a zo a ɓare ta da hannu cikin sanyi har yatsu su tsage. Yanzu inji ɗaya ke shiga ya girbe ya sussuke ya wuce. Sai dai in na je Lancaster wajen 'yan Amish, waɗanda har yau da doki suke noma. Ya ce masu zanen nan sun ji daɗin kallon tarin kara, amma bai taɓa jin wanda ya ajiye buroshi ya taya ɓara ba. Na ce masa ai ko a wajenmu mai waƙar noma ba shi ke riƙe fartanya ba.

Gonarsa ta tsira ne don ya shiga wani shiri da gundumar ta fara a 1989: hukuma ta biya manomi kuɗi, shi kuma ya sa hannu cewa ƙasar ta zauna gona har abada, ko ya sayar ko 'ya'yansa sun gada ba za a yanka ta fuloti ba. Maƙwabtansa biyu ba su shiga ba, ya nuna mini rufin gidajen da suka tsiro a wurin. Ya ce in ina son ganin abin da ake yi wa gona, in je Levittown a kudancin gundumar, inda aka gina gida 17,311 a kan gonaki tsakanin 1952 da 1958. Ban je ba. Na ga irinsa a hanyar Kano zuwa Zariya, inda gonakin da na sani da dawa yanzu tubalin siminti ne ke tsiro, sai dai mu babu mai biyan kowa don ya bari.

Azahar ta same mu a nan. Tsohon ya ce mu yi sallarmu a gefen ginin inda babu iska. Yaron ya duba waya ya nuna alƙibla arewa maso gabas, abin da har na baro ƙasar bai daina ruɗa ni ba. Da na miƙe zan tayar da kabbara sai na lura da inuwata. Rana tsaka, amma inuwar ta kusa ninka tsayina biyu, ta miƙe ta yi arewa. A ƙasar nan a wannan watan rana ba ta hawa tsakiyar ka, a kudu take raɓewa tun fitowarta, kafin ƙarfe biyar kuma ta faɗi. Allah Ya yafe mini, a cikin sallar nan zanen ne ya yi ta zuwa mini.

Domin ga lissafin. A zanen, rumfar ginin tana kallon mai kallo. In rumfar kudu take fuskanta, to mai zanen ya juya wa kudu baya ke nan, yana kallon arewa, gabas tana damansa, yamma tana hagunsa. Inuwar kara kuwa hagu ta kwanta. Inuwa ba ta zuwa yamma sai rana tana gabas. Wannan ba la'asar ba ce.

Litinin tun da safe na riga yaron shiga mota. Na tsaya taku shida daga zanen na sake dubawa, sai ga ƙarin shaida. A gindin kowace bukkar kara, ta gefen inuwa, akwai wani fari-fari mai shuɗi da na ɗauka adon fenti ne. Raɓa ce da ta daskare, irin wadda na gani a kan ciyawa da gilashin mota kowace safiya tun zuwana, wadda ke narkewa duk inda rana ta taɓa, ta maƙale a inuwa kawai. Ba ta kaiwa la'asar. Ga kuma hayaƙin nan siriri a miƙe, na safiyar da iska ba ta tashi ba. Hantsi ne, wajen ƙarfe tara. Ma'aikatan ba tashi suka yi ba, karin kumallo suka shiga, shi ya sa suka bar bukkar ƙarshe a kwance-kwance.

Na zayyana wa dattijuwar duk wannan, yaron yana ta taka mini ƙafa. Ta saurare ni har ƙarshe, ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Ta ce ba kowane gini ne ke fuskantar kudu ba, wani yanayin tudu ne ke juya shi, kuma mai zane yana iya kawar da gini ya ajiye inda ya ga dama. Wannan gaskiya ne, na karɓa. Amma maganar raɓar ta shige ta. Ta sa aka sake kifa zanen, ta duba takardun nan biyu. A tsohuwar babu suna, lamba ce kawai. Sunan la'asar a takardar dillalin yake, wanda ya zo shekaru da yawa bayan mai zanen ya mutu. Ta ce mai yiwuwa ina da gaskiya. Na ce to a gyara. Ta ce littafi ya riga ya fita, yana intanet, kuma da wannan sunan aka san zanen a takardu, in an canza shi asalin ya rikice. Sa'an nan ta ƙara da cewa ko hantsi ne ko la'asar, ba zai motsa farashin da dala ɗaya ba. Da za a gano cewa Redfield ne ya yi shi, wannan ita ce maganar da za ta tayar da gidan nan tsaye.

Raina bai so ba, amma ban ga laifinta ba. Ta san kasuwarta.

Ranar gwanjo na sa babbar riga a kan rigunan sanyi uku. A ƙofa yaron ya raɗa mini, "Kawu, don Allah kada ka gyara hularka, kada ka sosa kunne, in ka motsa hannu an sayar maka." Awa biyu na yi zaune hannuwana a cikin aljihu, hanci na ƙaiƙayi ban taɓa ba. Sai daga baya na gane tsokana ce, ba a karɓar tayin kowa sai mai riƙe da faifan lamba wanda ya yi rajista. Zan rama.

Na zaci zan ga cunkoso da hayaniya irin ta kara, wato kasuwar shanu, ranar kasuwa. Mutum talatin ne ko ƙasa da haka a kujeru, yawancinsu masu furfura. Kasuwar ta gaske tana gefe: dogon tebur, ma'aikata shida da wayoyi a kunne, da wata yarinya a gaban kwamfuta tana faɗin tayin mutanen intanet. Mai gwanjon yana tsaye a kan ɗan mumbari da 'yar gudumar katako da ba ta kai muciya ba. Ba ya ihu. Mai kaya kuwa ba ya nan balle ya ce albarka. Tasa albarkar tun kafin ranar ya faɗe ta a asirce, wato farashin da in ba a kai shi ba kaya su koma gida. Na ga an yi wa zane uku haka, mai gwanjon ya ce an wuce, ba wanda ya ɗaga kai. Wani zanen ƙanƙara na ɗaya daga cikin manyan nan kuwa, wayoyi biyu suka kama kokawa a kansa har ya haura dala dubu ɗari, nan ne kawai na ji ɗakin ya yi numfashi.

Da aka zo kan namu, yaron ne da kansa ya fito da shi da farar safarsa ya ɗora a kan mariƙi. Daga kujerata tazarar ta yi daidai, gonar ta fito sarai. Aka buɗe a 3,000. Wani mai jar hula a gabana ya ɗaga faifai. Intanet ta ce 3,500. Suka yi ta jifan juna da ɗari biyar-biyar, mai jar hula ya tsaya a 6,000 ya girgiza kai. Aka yi shiru har na ce shi ke nan. Sai wata mai waya ta ɗaga biro. Intanet ta ƙara, waya ta ƙara. A 7,500 mai gwanjon ya duba dama ya duba hagu, ya yi gargaɗin ƙarshe, ya buga guduma. Duka-duka bai kai minti biyu ba. Ba a san ko wane ne ba, lamba kawai aka kira. A kan wannan kuɗin mai saye zai ɗora la'adar gida, kashi 25 cikin 100, mai sayarwa ma a yanki tasa. Dillalanmu na kara da za su ji wannan da sun yi kuka.

Wanda ya kawo zanen, in ji yaron, wani magidanci ne da kakarsa ta rasu, suna kwashe kayan gidan don a sayar a raba gado. Shekara da shekaru yana rataye a ɗakin cin abincinta.

Kwana biyu kafin in taso na sake bin yaron wurin aiki, na tarar ranar ce za a ɗaure shi. Arizona za shi, ƙasar hamada. Ya shimfiɗa takarda mai santsi a kan fuskar zanen, ya sa wa kusurwoyin firam ɗin kwali, ya naɗe shi da leda mai ƙurajen iska. Kafin ya rufe bayan na leƙa. Takardar gidan gwanjon tana manne, la'asar ɗin tana nan daram da manyan baƙaƙe. A ƙasanta, da fensir, da ƙaramin rubutun dattijuwar, an ƙara kalma biyu da alamar tambaya: wataƙila safiya.

"Kawu, bar karatun nan haka, motar ɗaukar kaya ta iso. Danne mini nan da yatsa in ja salatif."

Na danne.